Yaƙin Atina da Sparta: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya haddasa yaƙin?

Bayan Girkawa sun fatattaki rundunar Farisa a shekarar 479 kafin haihuwar Annabi Isa, Atina, wadda ita da Sparta su ne manyan biranen Girka a lokacin, ta jagoranci wani ƙawancen birane da tsibirai masu tara kuɗi da jiragen ruwa domin kare kai. A shekarar 454 aka kwashe baitulmalin ƙawancen daga tsibirin Delos zuwa Atina, gudummawa ta rikiɗe ta koma haraji, duk birnin da ya nemi ficewa kuma sai a far masa. Sparta, wadda babu kamarta a sojan ƙasa, ta ga abin yana neman fin ƙarfinta. Yaƙi ya ɓarke a 431, bai ƙare ba sai a 404.

Birni da birni ne kawai suka gwabza?

A'a, kuma a ganina nan gizo ke saƙa. Birane da dama sun rabu gida biyu: masu son mulkin jama'a sun jingina da Atina, attajirai masu son mulkin 'yan tsiraru sun karkata ga Sparta, kowane ɓangare yana gayyato baƙi su taya shi murƙushe ɗan garinsu. A tsibirin Korsira, a shekarar 427, an kwana bakwai ana kashe-kashe alhali jiragen Atina suna tsaye a bakin gaɓa. Masanin tarihi Tusididis ya ruwaito cewa an fizgo mutane daga wuraren bauta an kashe su, uba ya kashe ɗansa, wasu kuwa bashin da suke bin mutane ne ya yi ajalinsu.

Ita Atina ta tsira daga wannan rikicin?

Ba ta tsira ba. Bayan rundunarta ta halaka a Sisili a 413, wasu mutum 400 sun ƙwace mulki a 411, amma watanni kaɗan suka yi. Da ta miƙa wuya a 404, aka rushe ganuwarta ana busa sarewa, Sparta ta ɗora mata mutum 30 waɗanda suka yi ta kisa da ƙwacen dukiya, har 'yan gudun hijira suka dawo da makamai, mulkin jama'a ya farfaɗo a 403.

Wa ya ci ribar yaƙin?

Da kuɗin Farisa Sparta ta gina jiragen da suka ba ta nasara, amma ba ta daɗe a sama ba. Birnin Tibis ya karya lagonta a Liyuktira a 371, sannan Sarki Filibus na Makidoniya ya ci Atina da Tibis a Kironiya a 338.