Katin kyauta ya tashi fanko, kamfani na neman hoton fasfo: me doka ta ce?

Katin kyauta shi ne wanda ake zuba wa kuɗi tun a kanti, a ba wani ya yi sayayya da shi. Akwai na kamfani guda, irin na Amazon, Apple ko Steam, akwai kuma masu tambarin Visa ko Mastercard, irin su Vanilla. 'Yan uwa mazauna Amurka kan aiko da su gida, matasa kuma su canzar da su zuwa naira a manhajojin waya. Rigimar tana farawa ne ranar da aka duba kati aka tarar babu ko sisi. Idan aka kai koke, sai kamfani ya ce a turo hoton katin gaba da baya, da rasit, da fasfo ko lasisin tuƙi, wani lokaci har da hoton mutum riƙe da katin shaidarsa kusa da fuska.

Yawancin katunan nan na Amurka ne, don haka dokar can ce ke hawa kansu. A watan Mayun 2009 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar da ake kira CARD Act, sashenta na katin kyauta kuma ya fara aiki a watan Agustan 2010. Ta ce kuɗin da ke cikin kati ba za su mutu ba kafin shekara 5 daga ranar da aka zuba su. Ta kuma hana a yanki kuɗin rashin amfani sai kati ya yi wata 12 ba a taɓa shi ba, ko a nan ma sau ɗaya a wata.

Sai dai dokar ba ta tanadi komai ba a kan sata, kuma nan ne mutane ke shan mamaki. Mai katin cirar kuɗi na banki a Amurka, idan katinsa ya ɓata ya sanar cikin ranakun aiki 2, asararsa ba za ta wuce dala 50 ba. A watan Afrilun 2019 hukumar CFPB, mai kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi, ta faɗaɗa irin wannan kariya zuwa katunan da ake zuba wa kuɗi aka kuma yi musu rajista da sunan mai su, amma ta bar katin kyauta a waje. Saboda haka mayar da kuɗin ya rataya ne a kan sharuɗɗan kamfanin da kuma dokar jihar da aka sayi katin.

Yadda ake satar ma abin takaici ne. Ɓarawo zai kwashi katunan da ke rataye a kanti tun ba a zuba musu komai ba, ya buɗe kwalin a hankali, ya kwafi lambar kati da lambar sirri, ya liƙa sabon ɓawo mai ruwan azurfa a kan wanda ya kankare, ya mayar da su inda ya ɗauko. Da zarar wani ya biya an zuba kuɗi, sai ya yashe su, tun kafin wanda aka yi wa kyautar ya yage kwalin. A watan Nuwamban 2023 lauyan birnin San Francisco, David Chiu, ya kai kamfanin InComm, mai katin Vanilla, gaban kotu bisa zargin cewa kwalin ba shi da tsaro kuma ana hana mutane kuɗinsu bayan an yashe su. A 2024 jihar Maryland ta kafa dokar da ta wajabta a rufe katunan a kwalin da zai nuna alama idan an taɓa shi.

To, me ya kawo neman fasfo? A nan kamfanin yana da 'yar hujja. Ƙa'idar da hukumar FinCEN mai yaƙi da halatta kuɗin haram ta fitar a 2011 ta yarda a sayar da ƙananan katuna ba tare da an ɗauki sunan mai saye ba, muddin kuɗin ba su wuce iyaka ba: dala 2,000 ga katin kanti guda, dala 1,000 ga wanda ke aiki a kowane kanti, da sharaɗin ba za a yi amfani da shi a wajen ƙasar ba. Shi ya sa za ka ga an rubuta a jikin da yawa daga cikinsu cewa a Amurka kaɗai suke aiki. Tunda katin ba ya ɗauke da sunan kowa, kamfanin bai san ko mai koken ne mai kuɗin ko shi ne ɓarawon ba. Abin da wannan ke nufi ga wanda ke Kano ko Maraɗi shi ne, wanda ya sayi katin a can, mai rasit a hannu, shi ya kamata ya shigar da koken. Fasfon Najeriya ko na Nijar ba zai tabbatar da cewa an biya kuɗi a wani kanti a Texas ba, zai ma iya zama dalilin da za a ce an saɓa sharaɗi.

Ni dai a ganina cinikin nan bai yi daidai ba. Kuɗin kati ana iya samun wasu, amma hoton fasfo da fuska idan suka shiga hannun mugu, zai iya buɗe asusu ko karɓar bashi da sunanka, kuma ba ka da hanyar janye su. Garin neman gira kada a rasa ido.

A Najeriya akwai Dokar Kare Bayanan Sirri ta 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin shekarar, hukumar NDPC ce kuma ke kula da ita. Sashe na 24 ya ce a karɓi bayanan mutum don manufa takamaimiya, kada a wuce abin da manufar ke buƙata, kada kuma a ajiye su fiye da lokacin da ya dace. Kana da ikon tambaya me za a yi da takardarka, wa za a ba, yaushe za a goge ta, kana kuma iya neman a goge. Idan bayanai suka zube ta yadda za su iya cutar da masu su, dole kamfani ya sanar da hukumar cikin awa 72. Tarar manyan kamfanoni tana kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. A rubuce dokar ta shafi har kamfanin waje da ke sarrafa bayanan mazauna Najeriya, ko da yake kamo wanda ba shi da ofis a ƙasar aiki ne ja. Inda ta fi tasiri shi ne a kan manhajojin gida masu sayen kati, waɗanda kan riƙe kuɗin mutum su ce sai ya turo takardu.

Idan ba makawa sai an tura, a bi lambar waya ko adireshin intanet da ke bayan katin kawai, domin masu kiran kansu ma'aikatan kamfani a WhatsApp da Facebook sukan farauci wanda ya fito fili yana kuka. A fara da rasit da hoton kati, a nemi dalilin neman katin shaida a rubuce. A rufe duk abin da ba a nema ba, a rubuta kwanan wata da dalilin turawa a kan kwafin. Lambar BVN, da lambar sirrin katin banki, da lambar da banki ke turowa ta saƙon waya, babu kamfanin katin kyauta da yake buƙatarsu kafin ya mayar da kuɗi. Duk wanda ya nemi ɗaya daga cikinsu, a kashe wayar nan take a sanar da banki.