Kafin a sa wa saniyarka maniyyi, tambayi wane bijimi ne

Makiyaya da masu turka na jihar Maradi, daga Dakoro har Madarunfa, da yawanku kun ji labarin barbarar zamani, wadda malamin dabbobi ke zuwa da maniyyin bijimi a daskare cikin ɗan siririn bututu ya sa wa saniya. Abin da kuka fi tambayarmu shi ne kuɗin aiki, sai kuma ko za ta ɗauka. Babbar tambayar ita ce ba a cika yi ba: maniyyin nan na wane bijimi ne?

Rabin jinin maraƙi na ubansa ne. San garke shanun gida kaɗai yake bayewa, amma bijimin da ake ɗibar maniyyinsa, ɗiba ɗaya sai ta ishi shanu sama da ɗari. In yana da kirki, kirkin ya bazu. In aibi ne ma haka.

Mutum zai ga hoton Sharole ko Limuzan na Faransa a waya, ƙato kamar bango, ya ce shi yake so. Dakata, malam. Maraƙin Sharole yakan zo duniya da nauyin kilo 40 ko fiye, na Azawak kuwa bai cika wuce kilo 25 ba. Ka sa wa karsana mai matsattsen ƙugu irin wannan, naƙuda ta zo da tsakar dare a dajin Bermo, likita yana nesa, sai a rasa ɗa, wani lokaci har da uwa. Shi ya sa sauƙin haihuwa ne abin farko da muke dubawa a takardar bijimi, girma ya biyo baya. Karsanar da ba ta taɓa haihuwa ba, a nema mata bijimin da aka san ƴaƴansa ƙanana ake haifarsu, daga baya su yi saurin girma.

Sai maganar ci da zafi. Shanun Turai marasa tozo ba a gina su don bazarar nan ba, inda zafi ke haura digiri 40 a Afirilu da Mayu, kuma kaska ta fi kayar da su. Ruwa-biyu na farko, rabi namu rabi nasu, yakan yi kyau in yana turke da inuwa, da harawa da dusa da tunkuza a kai a kai. In aka sake maimaita jinin waje har ya kai kashi 75 cikin 100, juriya ta ragu ƙwarai. Ga mai garken da ke tafiya arewa da damina, ya gangaro da kaka, ni ba na ba shi shawarar jinin Turai ko kaɗan. Gara tataccen Azawak, irin wanda tashar Tukunus ta yankin Filinge ke zaɓe tun 1954, ko Gudali mai cikar jiki. Mai son jinin waje ya tambayi masu tozo, kamar Barahman na Amurka ko Nelor na Brazil, don su ma ƴan ƙasar zafi ne. A lura kuma: Holstein saniyar nono ce. Wanda burinsa sa mai nama da mahauta za su yi rububinsa, kada ya karɓa don kawai ita ce ke cikin tulun ajiyar maniyyi a ranar.

Kowane bututu da rubutu a jikinsa: sunan bijimi ko lambarsa, da irinsa. Ka ce a karanta maka, ka sa yaro ya rubuta a littafi tare da sunan saniyar da ranar. Amfanin wannan sai bayan shekara uku ko huɗu, ranar da ƴar ta isa barbara, don kada a sa mata maniyyin ubanta. Ka tambaya kuma ko an gwada bijimin ba ya da bakkale mai sa ɓari, ba ya da tarin fuka. Maniyyin yana rayuwa ne cikin ruwan naitorojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri; in ruwan ya ƙafe a tulu, ya mutu, komai asalin bijimin.

Saniya ramammiya ba ta cika ɗauka ba, a fara gyara mata jiki. Tana neman sa kusan duk kwana 21, kuma shanunmu sau da yawa da dare suke nunawa: kuka, yauƙi fari daga mafitsara, ta tsaya wata ta hau ta. In ka gani da safe, a sa mata da maraice. In da maraice, gobe da sassafe. A raba ta da bijiman garke a kwanakin, in ba haka ba ba za ka san ɗan wa ta haifa ba. Cikin saniya wata tara ne da ƴan kwanaki, don haka wadda aka sa wa a Satumba ko Oktoba, bayan ta ƙoshi da ɗanyar ciyawa, za ta haihu wajen Yuni ko Yuli, daidai saukar damina.