Gishirin da ake zubawa a titi ba zafi yake ba ƙanƙara ba

Masu sayen motocin tokunbo a Legas sun saba ganin tsatsa a ƙarƙashin motar da aka shigo da ita ta Apapa daga Kanada ko arewacin Amurka, kuma yawancinsu sun san gishirin da ake zubawa a titunan can lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara ne sanadi. Inda ake kuskure shi ne zaton da aka daɗe ana yi cewa gishirin yana ɗumama kwalta ne har ƙanƙara ta narke.

Gishirin girki ba ya fitar da zafi. Abin da yake yi shi ne sauko da ma'aunin da ruwa ke daskarewa: tsabtataccen ruwa yana daskarewa a digiri 0, amma ruwan da gishiri ya narke a cikinsa sosai yana iya kaiwa kusan digiri 21 ƙasa da sifili bai daskare ba. A kan titi kuwa, ƙarfinsa yana raguwa matuƙa idan sanyi ya wuce kamar digiri 10 ƙasa da sifili, shi ya sa ake komawa ga wani nau'in gishiri mai suna kalsiyam kulorayid, wanda shi kam yakan saki ɗan zafi yayin narkewa.

Akwai kuma sinadarai irin su Verglimit na Suwizalan, waɗanda ake gaurayawa cikin kwalta tun wajen shimfiɗa ta. Tayoyi na goge titin, gishirin da ke cikin sinadarin na fitowa kaɗan-kaɗan yana hana ƙanƙara mannewa, amma idan dusar ƙanƙara ta taru, sai motar shara ta zo ta ture ta.