Alhakin kamfani kan ɓarnar muhalli

Alhakin kamfani kan ɓarnar muhalli shi ne nauyin da doka ke ɗora wa kamfani na gyara, biyan diyya ko karɓar hukunci idan aikinsa ya gurɓata ruwa, iska ko ƙasar noma. Ƙa'idarsa ita ce wanda ya ɓata shi ke biya, kuma an sanya ta cikin sanarwar taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan muhalli da aka yi a birnin Riyo na ƙasar Brazil a 1992. Wannan ba baƙon zance ba ne a ƙasar Katsina da Daura, inda tun kaka da kakanni in shanu suka yi ɓarna a gona, mai su ke biya a gaban mai gari, malaman fiƙihu kuma suna karantar da hadisin "ba cuta, ba cutarwa".

A Najeriya, dokokin zamani sun samo asali daga abin da ya faru a Koko, wani gari mai tashar jiragen ruwa a jihar Delta ta yanzu. A 1988 aka gano an jibge dubban gangunan shara mai guba da aka kwaso daga Italiya. Cikin wannan shekara gwamnatin soja ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, wato FEPA, ta kuma yi dokar shara mai cutarwa wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai, har da shugabannin kamfanin da aka yi laifin da saninsu. Dokar tantance illar aiki ga muhalli ta biyo baya a 1992, sannan hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, wato NESREA, ta gaji FEPA a 2007.

Manyan shari'o'in da suka yi suna duk na yankin Neja Delta ne. A 2015 kamfanin Shell ya amince ya biya mutanen garin Bodo na jihar Ribas fam miliyan 55 bayan ƙarar da suka kai Landan kan malalar mai. A Janairun 2021 kotun ɗaukaka ƙara da ke Heg a ƙasar Holan ta ɗora wa reshen kamfanin na Najeriya alhakin malalar mai a ƙauyukan Oruma da Goi, shari'ar da manoma suka shigar tun 2008.

A Katsina ɓarnar ba ta mai ba ce. Ta haƙar ma'adinai ce, irin farar ƙasa ta yankin Ƙanƙara, da fasa dutse, da kwasar yashi a rafuka, da ramukan da 'yan kwangilar hanya ke haƙa don ɗibar marmara su tafi su bari. Da damina ramin ya cika ya zama kududdufi, sauro ya samu gida, yara masu wanka su shiga haɗari. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisi ya biya diyyar gona da amfanin da ya lalata, ya maido da ƙasar yadda za ta amfanu, ya kuma ƙulla yarjejeniyar raya gari da mutanen wurin kafin ya fara aiki. Kaɗan ne daga cikin talakawa suka san da wannan tanadi, kuma babbar asara ce.

Wahalar tana wajen kai ƙara. Tsarin mulkin 1999 ya bar ma'adinai a hannun gwamnatin tarayya, shari'arsu kuma a Babbar Kotun Tarayya, don haka manomin ƙauye sai ya nemi lauya ya shigo birnin Katsina. Shi ne kuma zai kawo hujjar cewa ƙurar kamfani ce ta kashe masa gero, ko ruwan da aka sako ne ya ɓata rijiya, abin da ke bukatar gwajin masana da kuɗi. Shi ya sa yawancin koke ke ƙarewa a zauren hakimi da ɗan abin da bai kai asarar ba.

Wani lokaci ma babu kamfanin da za a kama. Gubar dalma da ta kashe yara kusan 400 a Zamfara a 2010 ta fito ne daga duwatsun zinaren da ake dakawa cikin gidaje, masu sayensa kuwa ba su da rajista balle ofis. A 2018 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ƙungiya mai zaman kanta na iya shigar da ƙarar muhalli ko da ɓarnar ba ta taɓa ta kai tsaye ba.