Takaba

Takaba ita ce zaman da mace ke yi bayan rasuwar mijinta, kafin ya halatta ta sake aure. A bakin Hausawa, mace tana "shiga takaba", tana "fita takaba". Namiji ba ya yin ta. Wanda matarsa ta rasu gwauro ake ce masa. Bayan mace ta fita takaba sai a kira ta bazawara, sunan da take tarayya da wadda aka saka. Kiristoci masu jin Hausa a Kaduna sun fi cewa gwauruwa, kamar yadda yake a Littafi Mai Tsarki.

Wa'adinta wata huɗu da kwana goma, bisa aya ta 234 a Suratul Baƙara. Da watan Musulunci ake ƙirgawa, daga ranar rasuwa, ba daga ranar sadakar uku ko ta bakwai ba, kuma a nan mutane da yawa ke kuskure. Mai ciki kuwa haihuwa ce ke fitar da ita, ko da kwana kaɗan ne bayan jana'iza. Amaryar da ba ta tare ba ita ma tana yi. Haka wadda aka yi wa sakin kome, mijin ya rasu tana cikin idda: takaba za ta koma, kuma tana da gado.

Mai takaba tana barin kwalli, lalle, turare, zinare da tufafin ado, kuma a gidan da mijin ya bar ta take kwana. A mazhabar Malikiyya tana iya fita da rana don bukata, saboda haka 'yar unguwar Rigasa mai shago a Kasuwar Barci ta Kaduna za ta je neman abincin marayunta, ta dawo ta kwana a ɗakinta. Ba a ɗaura mata aure, ba a kai kuɗin neman aure, sai dai a yi shaguɓe.

Al'ada ta ƙara abubuwa da yawa: riƙe wuƙa, ƙin yin wanka sai ranar Juma'a, ƙin amsa sallamar namiji. Malamai sun daɗe suna cewa waɗannan ba su da tushe, sai wahalar da baiwar Allah.

A littattafan hikaya, ranar fita takaba ce wasu marubuta kan ɗauka su juya labari: a yi wanka, a yi kitso, zawarawa su fara sallama, dangin miji kuma su taso da maganar gado da riƙon yara.