Tarihin Tseren Motoci na Formula One: Tambayoyi da Amsoshi

Formula One ita ce gasa mafi daraja a tseren motocin da ke ɗaukar mutum ɗaya tal, waɗanda tayoyinsu ke waje ba rufi, kuma hukumar FIA mai hedkwata a Paris ce ke tsara dokokinta. Mafi yawan tarihinta jayayya ce tsakanin injiniyoyin da ke neman ƙarin gudu da masu kafa doka da ke neman taka musu birki, kuma tsawon shekaru masu yawa direbobi ne suke biyan kuɗin wannan jayayya da rayukansu.

Yaushe aka fara wannan gasa?

Tseren motoci ya girmi Formula One nesa ba kusa ba, domin tun 1906 aka yi tseren Grand Prix na farko a kusa da garin Le Mans na Faransa, inda Ferenc Szisz ya yi nasara da motar Renault. Amma gasar cin kambin duniya ta direbobi ta fara ne ranar 13 ga Mayun 1950 a Silverstone da ke Ingila, wani tsohon filin jiragen yaƙi da aka mayar fagen tsere bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Sarki George na Shida ya halarta. Giuseppe Farina na Italiya ne ya zo na ɗaya, kuma shi ne ya ɗauki kambin shekarar. Motarsa, Alfa Romeo 158, an ƙera ta tun kafin yaƙin, amma duk da tsufanta ita ce ta lashe dukkan tsere shida da aka yi a Turai a wannan shekara. Sai a 1958 aka ƙara kambi na biyu na kamfanonin ƙera motoci, Vanwall na Ingila ya fara ɗaukarsa.

Me ya sa har yau ake ambaton Fangio?

Juan Manuel Fangio ɗan Ajantina ne, bakanike tun yana yaro, kuma bai zo Turai da gaske ba sai da ya doshi shekara arba'in. Ya ci kambin duniya sau biyar, a 1951 da kuma daga 1954 zuwa 1957, da motocin kamfanoni huɗu: Alfa Romeo, Maserati, Mercedes da Ferrari. A cikin tsere 51 da ya yi, 24 shi ya zo na ɗaya.

Tseren Jamus na 1957 a Nürburgring shi ne aka fi tunawa da shi. Hanya ce mai tsawon kusan kilomita 23 a zagaye ɗaya, ta ratsa daji da tsaunuka, da kwanoni fiye da 150. Fangio ya tashi da rabin tanki domin motar ta yi sauƙi, da niyyar ya tsaya a tsakiyar tsere ya sha mai ya canja taya. Makanikansa suka yi nawa, har ya koma hanya motocin Ferrari biyu na Mike Hawthorn da Peter Collins sun ba shi ratar kusan daƙiƙa 50. Daga nan ya riƙa karya tarihin gudun zagaye yana sake karya shi, yana shiga kwana da giyar da ba a saba shiga da ita ba, har ya wuce su duka biyu saura zagaye ɗaya da ɗoriya a gama. Yana da shekara 46 a lokacin. Daga baya shi da kansa ya ce bai taɓa tuƙi irin na ranar ba, kuma ba ya fatan ya sake. Wannan ce nasararsa ta ƙarshe a gasar.

Ta yaya ƙananan kamfanonin Ingila suka kayar da manyan na Italiya?

Da wurin da suka ajiye inji. Har ƙarshen shekarun 1950 injin yana gaban direba ne. Kamfanin Cooper ya mayar da shi bayansa, motar ta ƙanƙance, nauyinta ya ragu, ta fi jin sitiyari a kwana, kuma ta rage cin taya. A tseren Ajantina na 1958 Stirling Moss ya doke motocin Ferrari da ƙaramar Cooper mai injin lita biyu, domin bai tsaya canja taya ko sau ɗaya ba, ya isa layin ƙarshe zaren tayoyinsa a fili. Jack Brabham ɗan Ostareliya ya ci kambi da Cooper a 1959 da 1960. Enzo Ferrari, mai kamfanin Ferrari, yana yi wa waɗannan kamfanoni ba'a da 'yan gareji, tun da sayen inji suke yi su harhaɗa mota, amma a 1961 shi ma dole ya bi sahunsu.

Colin Chapman na Lotus ya ɗora daga nan. A 1962 ya daina gina mota a kan ƙarafa masu kama da bututu, ya yi mata jiki guda na faifan alminiyam wanda direba ke kishingiɗa a ciki, kuma da irin wannan mota Jim Clark ya ci kambi a 1963 da 1965. A 1967 aka fito da injin Ford Cosworth DFV, wanda ya ci tserensa na farko a Zandvoort ta Holan, daga shekara mai bi kuma aka fara sayar wa duk mai kuɗin saye. Wannan inji ya ci tsere 155 zuwa 1983, kuma da shi McLaren da Tyrrell da Williams suka yi suna.

Me ya sa ake yawan haramta sababbin dabaru?

Saboda duk dabarar da ta yi aiki takan sa gudu ya wuce abin da hanya da jikin ɗan Adam za su iya ɗauka, ko kuma ta sa kuɗin gasa ya gagari masu ƙaramin ƙarfi. A 1968 aka fara sa wa motoci fikafikai, waɗanda aka kifa su domin iska ta danne motar ƙasa maimakon ta ɗaga ta. A 1977 da 1978 Lotus ya sassaƙa ƙasan motar ta yadda iskar da ke bi ta ƙarƙashi ke zuƙo ta zuwa kwalta, Mario Andretti ya ci kambin 1978 cikin sauƙi. Matsalar ita ce da zarar motar ta ɗan taka wani abu ta ɗaga, riƙon ya tafi gaba ɗaya a tsakiyar kwana. Daga 1983 doka ta ce ƙasan mota ya zama shimfiɗaɗɗe.

Haka aka yi da turbo, na'urar da ke amfani da hayaƙin inji ta cusa masa ƙarin iska. Renault ya shigo da ita a 1977, kuma saboda yawan lalacewa da tuƙuƙin hayaƙi aka yi wa motar laƙabi da butar shayi mai ruwan ɗorawa. Dariyar ba ta daɗe ba. Motar ta ci tsere a Dijon a 1979, Nelson Piquet ya ci kambi da injin BMW a 1983, kuma a tsakiyar shekarun 1980 injin lita ɗaya da rabi yana haura ƙarfin doki 1,000 a zagayen neman gurbin da mota za ta tashi ranar tsere. Bayan 1988 aka haramta shi. Akwai ma motar Tyrrell mai taya shida da ta ci tseren Suwidin a 1976, da motar Brabham mai ƙatuwar fanka a baya wadda ta ci tsere ɗaya a 1978 aka janye ta.

Da gaske ne direbobi suna mutuwa kusan kowace shekara a da?

Gaskiya ne, kuma har da 'yan kallo. A Monza ta Italiya a 1961 motar Wolfgang von Trips ta afka cikin jama'a, shi da mutum 15 suka mutu, aka kuma ci gaba da tsere. Jim Clark ya mutu a Hockenheim a 1968. Jochen Rindt ya mutu a Monza a 1970, amma ba wanda ya kamo makinsa har ƙarshen shekara, don haka matarsa ce ta karɓi kofin. A wancan zamani direba yana zaune ne tsakanin tankunan fetur, gefen hanya kuma bishiyoyi ne da turakun waya da gidaje.

Wanda ya fara ƙin yarda cewa haka abin zai ci gaba shi ne Jackie Stewart. A Spa ta Beljiyam a 1966 ruwan sama ya kwashe motarsa ta faɗa gefen hanya, sitiyari ya danne shi, fetur yana kwarara a jikinsa na kusan minti 25. Babu jami'in ceto a wurin. Direbobi biyu ne, Graham Hill da Bob Bondurant, suka ari sifana a wurin wani ɗan kallo suka kwance sitiyarin, sannan motar asibitin da ta ɗauke shi ta ɓata hanya. Tun daga ranar yake manna sifana a cikin motarsa. Ya matsa a kafa shingen ƙarfe, a sa bel, a tanadi likitoci, ya kuma jagoranci direbobi suka ƙaurace wa Spa a 1969 da Nürburgring a 1970. Wasu 'yan jarida da tsofaffin direbobi sun kira shi matsoraci, alhali mutum ne da ya ci kambi sau uku. A ganina, abin da ya yi a wajen mota ya fi kambin nasa amfani.

Gyaran ya zo da jinkiri. A Zandvoort a 1973 motar Roger Williamson ta kife ta kama wuta, David Purley ya tsayar da tasa ya ruga yana ƙoƙarin ɗaga ta shi kaɗai, jami'an hanya na tsaye ba su da rigar da wuta ba ta ci, sauran motoci na wucewa, duk a idon masu kallon talabijin. Ranar 1 ga Agustan 1976 Niki Lauda ya ƙone a Nürburgring, hayaƙi ya lalata masa huhu har aka kira limamin coci ya yi masa addu'ar ƙarshe. Bayan mako shida ya koma mota a Monza kansa a naɗe, ya zo na huɗu. A tseren ƙarshe a Fuji ta Japan ana tafka ruwa, ya yi zagaye biyu ya ajiye mota ya ce ransa ya fi masa kambi, James Hunt ya ɗauka da ratar maki ɗaya. Sai a 1978 aka naɗa likitan ƙwaƙwalwa Sid Watkins ya kula da kowane tsere, kuma bayan mutuwar Ronnie Peterson a shekarar aka fara sa motar likita ta bi bayan motoci a zagayen farko.

Mene ne tsakanin Senna da Prost?

Ayrton Senna ɗan Barazil da Alain Prost ɗan Faransa sun haɗu a McLaren a 1988, shekarar da motarsu mai injin Honda ta ci tsere 15 cikin 16. Prost mai lissafi ne, ba ya gudun da ya wuce buƙata. Senna kuwa ba ya ganin ƙofa ya bar ta. A Suzuka ta Japan a 1989 suka yi karo, Senna ya ci gaba ya zo na ɗaya amma aka soke sakamakonsa, Prost ya ɗauki kambi. A 1990 a wannan fili, Prost yana Ferrari, Senna ya daka masa mota a kwanar farko, kambi ya zama nasa, kuma bayan shekara ɗaya ya amsa cewa da gangan ya yi. Prost ya gama da kambi huɗu, Senna uku.

Ranar 1 ga Mayun 1994 Senna ya bugi bango a kwanar Tamburello da ke Imola ta Italiya ya mutu, kwana ɗaya bayan mutuwar Roland Ratzenberger a wannan fili. Barazil ta yi zaman makoki na kwana uku. Daga nan aka sake fasalin kwanoni masu haɗari, aka tsananta gwajin karo, aka ɗaga gefen mazaunin direba, kuma ba a sake rasa direba sakamakon tsere ba sai haɗarin Jules Bianchi a Suzuka a 2014.

Ta yaya gasar ta zama harkar kuɗi?

Kafin 1968 launin ƙasa motoci ke ɗauka: ja na Italiya, kore na Birtaniya, shuɗi na Faransa. A wannan shekara Lotus ya shafa wa motarsa launin kwalin sigarin Gold Leaf, kuma kusan shekara 40 kuɗin taba ne ƙashin bayan gasar. Bernie Ecclestone, mai kamfanin Brabham, shi ne ya haɗa kan kamfanoni su daina ciniki ɗaya-ɗaya da masu filaye. Bayan doguwar rigima da Jean-Marie Balestre na ɓangaren hukuma, aka sa hannu a yarjejeniyar Concorde a 1981, wadda ta bar doka a hannun hukuma, ta ba ƙungiyar kamfanoni cinikin talabijin. Shi ne ya kai gasar Maleshiya a 1999 da Bahrain a 2004, ya kuma riƙe ragama har 2017 da Liberty Media na Amurka ya saye harkar.

Afirka ta taɓa shiga wannan tarihi?

Ta shiga. A Casablanca ta Maroko aka yanke kambin 1958: Moss ya ci tseren, amma Hawthorn da ya zo na biyu ya ɗauki kambi da maki ɗaya, duk da cewa Moss ya ci tsere huɗu a shekarar shi kuwa ɗaya. Afirka ta Kudu ta fara karɓar gasar a East London a 1962, sannan Kyalami kusa da Johannesburg daga 1967. An ci gaba da zuwa can a tsakiyar mulkin wariyar launin fata, lokacin da wasanni da yawa suka juya wa ƙasar baya, kuma sai a 1985 Renault da Ligier suka ƙi zuwa, daga nan aka dakatar. An koma a 1992 da 1993, kuma tun nasarar Prost a 1993 ba a sake yin tsere a nahiyar ba. Jody Scheckter na Afirka ta Kudu, zakaran 1979 da motar Ferrari, shi kaɗai ne ɗan Afirka da ya ci kambin.

Ina matsayin Schumacher a cikin waɗannan duka?

Bayan Scheckter, Ferrari ya yi shekara 21 direbansa bai ci kambi ba. Michael Schumacher na Jamus, wanda ya ci biyu da Benetton a 1994 da 1995, ya koma can a 1996, ya haɗu da Jean Todt da Ross Brawn da mai zanen mota Rory Byrne, wanda shi ma ɗan Afirka ta Kudu ne. Suka ci kambi biyar a jere daga 2000 zuwa 2004, kuma a 2002 babu tseren da bai shiga ukun farko ba cikin 17. Yana da tabo: karonsa da Damon Hill a Adelaide a 1994, da wanda ya yi da Jacques Villeneuve a Jerez a 1997 har aka soke matsayinsa na shekarar. Ya tara kambi 7 da nasara 91, tarihin da ya tsaya har 2020, lokacin da Lewis Hamilton, baƙar fata na farko da ya ci wannan gasa, ya wuce shi a yawan nasara ya kuma kamo shi a yawan kambi.