Pancit: Taliyar Alkama a Abincin Mutanen Filifin

Pancit shi ne sunan da mutanen Filifin ke kiran taliya da girke-girkenta. Kalmar ta fito daga harshen Hokkien na 'yan kasuwar Sin, tana nufin abinci mai saurin dafuwa. Unguwar Binondo a Manila, wadda aka kafa wa Sinawa a 1594, ta yi suna a wannan girki tun da daɗewa.

Ba kowace pancit ake yi da alkama ba, domin bihon ta shinkafa ce. Na alkama su ne canton, miki da misua mai siririn zare. Ana soya canton da kabeji, karas, koren wake, da kaza ko jatan lande, a matse mata ɗan ƙaramin lemun tsamin da suke kira kalamansi. A garin Lucban ana zuba pancit habhab a kan ganyen ayaba, a yayyafa ruwan khal, mutum ya kai ganyen baki ya ci, ba cokali. Girke-girke da yawa suna da naman alade, amma Musulmin tsibirin Mindanao da ke kudancin ƙasar kan yi nasu da kaza ko naman sa. Ranar bikin zagayowar haihuwa ba a gutsuttsura taliyar, don tsawonta alama ce ta tsawon rai.

Alkamar kanta shigo da ita ake yi, galibi daga Amurka, saboda yanayin ƙasar bai dace da nomanta ba. Wata doka ta shekarar 2000 ta wajabta ƙara wa fulawa bitamin A da sinadarin ƙarfe.

A 2014 cibiyar binciken abinci ta gwamnati, FNRI, ta fitar da Pinggang Pinoy, hoton farantin cin abinci na lafiya. Rabin farantin ganye ne da 'ya'yan itace, kusan kashi ɗaya cikin uku na abinci masu ba da ƙarfi irin su shinkafa, sauran na kifi, nama ko ƙwai. Taliya tana rukunin shinkafa, wato gurbinta take cikewa. Sai dai mutane da yawa kan ci pancit tare da shinkafa ko burodi, sai sitaci ya cika farantin, ganye ya rasa wuri.

Abin da ya fi damuwa shi ne taliyar leda. Wata irinta mai suna Lucky Me! ta shiga kasuwa a 1989, ta zama abincin ɗalibi da ma'aikaci saboda arha. Gishirin ƙullin kayan ɗanɗanonta yana da yawa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a rana. Shi ya sa ake shawartar masu dafa ta su zuba rabin ƙullin kawai, su fasa ƙwai, su ƙara ganyen zogale, wanda can ake kira malunggay.